Karatun zane-zane bayan BAC: makarantu, kundin ayyuka da jarrabawar shiga

Kowace shekara, da zarar sakamakon BAC ya fito, iyaye a Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai kan zauna da ƴaƴansu a kan maganar abin da za a karanta. Hanyar likita sananniya ce, haka ta lauya da ta injiniya, kuma a kowace unguwa akwai yayyen da suka bi su. Yaron da hannunsa ya faɗa kan zane kuwa, wanda tun yana firamare malami ke kiransa ya zana taswirar Nijar a allo, da wuya ya samu mai nuna masa ƙofa.

Abin da ya raba wannan fanni da sauran shi ne makin BAC kaɗai ba ya shigar da ɗalibi. Yawancin makarantun zane suna son ganin aikin hannun mai nema, su gwada shi a gabansu, su kuma ji ta bakinsa. Aikin da za a nuna yana cin watanni kafin ya taru. Ɗalibin da bai san da haka ba sai a watan Agusta, galibi ya yi asarar shekara ke nan.

Abin da ake karantawa

Abin da Faransanci ke kira arts plastiques ko beaux-arts ya ƙunshi fannoni da dama: zane da fensir ko gawayi, zane da fenti, sassaƙa, aikin yumɓu, bugun zane a takarda ko a yadi, ɗaukar hoto da bidiyo. Kusa da su akwai fannonin da suka fi jingina da kasuwa, wato zane a kwamfuta domin talla da littattafai, tsara zanen atamfa da tufafi, ƙawata cikin gida, labarin zane na barkwanci da fim ɗin zane mai motsi. Akwai kuma ɓangaren nazari: tarihin fasaha, aikin gidan tarihi da koyar da zane a makarantu.

A shekarar farko makarantu da yawa suna sa ɗalibi ya taɓa kowane fanni kafin ya zaɓi nasa. A ƙasashen da ke bin tsarin LMD, Nijar na ciki, ana samun Licence a shekara 3, Master kuma bayan ƙarin shekara 2. A jami'o'in Najeriya da Gana digirin farko shekara 4 ne.

Makarantun iri biyu ne, kuma ya kamata a bambanta su tun da wuri. Sashen jami'a ya fi ba da ƙarfi ga karatu da rubutu, shigarsa kuma ta fi dogara ga takardun sakamako. Makarantar beaux-arts kuwa yawancin yinin ɗalibi a ɗakin aiki yake, ana shigarta ta jarrabawar gasa, wadda ɗalibai ke kira konkur, kuma guraben kaɗan ne.

Sharuɗɗan farko

Sharaɗin farko shi ne BAC. A yawancin makarantun zane ba a tsananta kan wane kashi ba ne, mai A da mai C da mai D duk suna iya nema. Fannin tsara gine-gine ne ya fi son masu lissafi. Wasu makarantu da masu ba da tallafin karatu suna sa iyakar shekaru, saboda haka wanda ya maimaita aji sau biyu ko ya zauna gida bayan BAC ya duba wannan sharaɗi kafin ya kashe ko dala.

Na biyu shi ne harshe. Ɗalibin Nijar ya riga ya yi karatunsa da Faransanci, wannan ya sauƙaƙa masa Mali, Senegal, Kodebuwa, Maroko, Aljeriya da Tunusiya. Najeriya da Gana sai da Turanci. Hausa za ta yi wa ɗan Maraɗi amfani a kasuwar Samaru da wajen neman ɗaki a Zariya, amma lacca da jarrabawa da Turanci ake yin su.

A cikin gida

Nijar ba ta da tsohuwar makarantar beaux-arts irin ta Bamako, Dakar ko Abijan. Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai tana da sashen Arts et Culture a tsangayar adabi da nazarin ɗan Adam, kuma nan ne mafi kusa ga mai son karatun fasaha ba tare da ya ƙetare iyaka ba. Mai sha'awar kyamara da haɗa bidiyo yana iya duba makarantar koyon aikin jarida ta Yamai, wadda aka daɗe da sani da sunan IFTIC. Akwai kuma cibiyoyi masu zaman kansu da ke koyar da zane a kwamfuta, sai dai kafin a biya su a tabbatar gwamnati ta amince da takardar da suke bayarwa.

Wuraren da ake koyon hannu ba a aji ba suna da yawa. Gidan tarihi na ƙasa na Boubou Hama, wanda aka buɗe a 1959, yana da rumfunan maƙeran azurfa, dukawa da masaƙa da ke aiki a gaban jama'a. Haka ƙauyen masu sana'ar hannu na Wadata. Cibiyar al'adu ta Yamai da a da ake kira Jean Rouch, wadda a 2024 aka sa wa sunan Moustapha Alassane, ta daɗe tana baje kolin ayyukan masu zane. Shi kansa Moustapha Alassane, wanda ya zauna Tawa shekaru da dama ya kuma rasu a 2015, da kansa ya fara koyon zane kafin ya je Kanada ya ƙaro sani a fim ɗin zane mai motsi, ya zama ɗaya daga cikin waɗanda suka fara wannan aiki a Afirka.

Ƙasashen maƙwabta

A Bamako akwai makarantu biyu. Institut National des Arts ta samo asali daga gidan masu sana'ar hannu da aka kafa a 1933. Babbar makarantar Conservatoire Balla Fasséké Kouyaté kuma an buɗe ta a 2004, tana ɗaukar masu BAC ta konkur, tana koyar da zane, tsara kaya, fasahar kwamfuta da bidiyo, kiɗa, rawa da wasan kwaikwayo. Shugabanta na farko shi ne Abdoulaye Konaté, wanda duniya ta sani da manyan ayyukansa na yadi. Bamako ce kuma ke karɓar babban taron masu ɗaukar hoto na Afirka tun 1994.

A Abijan akwai INSAAC a unguwar Kokodi, wadda makarantar zane da sassaƙa ke cikinta. A Dakar akwai makarantar fasaha ta ƙasa, ga kuma bikin Dak'Art da ake yi duk bayan shekara biyu, inda ɗalibi ke ganin ayyukan manyan masu zane ido da ido. Kamaru tana da cibiyoyin beaux-arts a Fumban da Nkongsamba. Mai son tsara gine-gine da birane yana da EAMAU a Lome, makarantar haɗin gwiwa ta ƙasashe 14 da Nijar ke cikinsu, wadda ake rubuta jarrabawar shigarta a ƙasashen da ke da hannu a ciki.

Wani abin da ɗalibai da yawa ba su sani ba shi ne, tun 2005 ƙungiyar UEMOA ta fitar da umarnin cewa a makarantun gaba da sakandare na gwamnati a yi wa ɗaliban ƙasashen ƙungiyar sharuɗɗa da kuɗin rajista daidai da na ƴan ƙasa. Nijar ta fita daga CEDEAO, amma tana cikin UEMOA. Yadda ake aiki da umarnin ya bambanta daga makaranta zuwa makaranta, saboda haka a nemi kuɗin rajista a rubuce kafin a kama hanya.

Najeriya da Gana

Ga ɗan Maraɗi ko Damagaram, babbar makarantar zane mafi kusa ita ce ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. Sashen zanen ya girmi jami'ar kanta: ya koma Zariya a 1955, jami'ar kuma an kafa ta a 1962. A nan ne a 1958 wasu ɗalibai, cikinsu Uche Okeke, Demas Nwoko, Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiyar da ta dage cewa mai zanen Afirka ya haɗa dabarun da ya koya a aji da fasahar gidansu. Yau jami'ar tana da sashen zane da sassaƙa, da wani sashen daban na tsara kaya, inda ake koyar da aikin yumɓu, zanen yadi da zanen talla.

Shiga jami'o'in Najeriya ta hannun hukumar JAMB ake yi. Jarrabawarta a kwamfuta ake rubuta ta, darussa 4 ne har da Turanci, jimillar maki 400, rajista kuma a farkon shekara ake yi. Bayan ta jami'a na yin nata tantancewar. Akwai wata hanya ta shiga shekara ta biyu kai tsaye ga masu wata takardar gaba da sakandare. Mai takardun Nijar zai buƙaci a fassara su zuwa Turanci, a kuma daidaita su da na Najeriya.

A Gana, kwalejin fasaha ta jami'ar Kwame Nkrumah a Kumasi ta yi suna. Daga nan El Anatsui ya fito, wanda ya koyar shekaru masu yawa a Nsukka ya kuma karɓi babbar lambar girmamawa ta bikin Venis a 2015, da Ibrahim Mahama ɗan Tamale.

Arewacin Afirka, Turkiyya da Turai

Maroko tana da makarantar beaux-arts ta ƙasa a Tetuwan, wadda ta faro a 1945, da wata a Kasabalanka. Aljeriya tana da babbar makaranta a Aljas, Tunusiya a Tunis, Masar kuma tana da tsangayar zane a Alƙahira da tarihinta ya koma 1908. Guraben tallafin da waɗannan ƙasashe ke ba Nijar yawanci ta hannun hukuma suke biyowa, kuma kason fasaha a cikinsu ƙarami ne idan aka kwatanta da likitanci da injiniyanci.

Tallafin gwamnatin Turkiyya, Türkiye Bursları, ta intanet ake nemansa kyauta, daga watan Janairu zuwa Fabrairu. Mai neman digirin farko ya kasance bai kai shekara 21 ba. Tallafin ya haɗa da kuɗin makaranta, masauki, inshorar lafiya, tikitin jirgi, kuɗin kashewa na wata da shekara guda ta koyon Turkanci. Sassan zane a Turkiyya suna da jarrabawar gwada hannu tasu.

A Faransa akwai makarantun fasaha na gwamnati fiye da 40. Suna ba da takardar DNA bayan shekara 3, da DNSEP bayan shekara 5. Hukumar Campus France tana da dandali na musamman mai suna CampusArt, inda ɗalibin ƙasar waje ke ajiye kundinsa sau ɗaya makarantu da dama su gani. A 2025, wajen biza an nemi shaidar cewa ɗalibi yana da aƙalla yuro 615 a wata, wato kusan jikka 403 na CFA, tunda yuro ɗaya CFA 655,957 ne. Ofishin jakadancin Faransa a Yamai kuma a rufe yake tun watan Janairun 2024, lamarin da ya sa wannan hanya ta ƙara tsawo da tsada ga ɗan Nijar. A Beljiyam, makarantu irin su La Cambre a Burusel suna da jarrabawar shiga tasu, amma sai an fara daidaita BAC da takardar can, kuma wa'adin ajiye wannan buƙata 15 ga Yuli ne.

Kundin ayyuka

Kundin ayyuka, wanda makarantu ke kira dossier artistique ko book, shi ne zuciyar neman gurbi. Tarin ayyukan da ɗalibi ya zaɓa ne da kansa domin nuna iyawarsa da yadda yake tunani. Yawancin makarantu suna neman aiki 15 zuwa 20, kowace kuma tana faɗin adadinta da girman da take so. Wanda ya wuce adadin ko ya saɓa tsarin ana iya ajiye kundinsa gefe ba a ma buɗe ba.

Abin da malamai ke fara dubawa shi ne zanen abin da ido ya gani. Buta a kan tabarma, hannun tsohuwa tana kaɗi, akuya a ɗaure a turke, amalanke a bakin kasuwa, inuwar zaure da hantsi: irin waɗannan ne ke nuna ko mai nema ya iya auna tsawo da faɗi, ya iya raba haske da duhu, ya iya sa abu na kusa ya fito daban da na nesa. Kwafar hotunan mawaƙa da ƴan ƙwallo daga waya, ko jaruman zanen Japan, komi kyanta ba ta da nauyi a wurinsu, domin wanda ya ɗauki hoton ko ya ƙirƙiro jarumin ya riga ya yi rabin aikin. Ɗaya ko biyu sun isa, in ma za a sa.

Na biyu shi ne bambancin kayan aiki. Kundin da duk fensir ne yana nuna gefe ɗaya kawai. A haɗa da gawayi, tawada, fenti, aikin laka ko waya, hoton da ɗalibin ya ɗauka da kansa. Rashin kuɗin sayen kayan kanti ba ya hana wannan. Gawayin murhu, jar ƙasa, baba, lalle, takardar buhun siminti da ƙyallayen tela duk kayan aiki ne, kuma malamai kan lura da wanda ya iya sarrafa abin da ke gabansa.

Na uku shi ne aiki mai jigo, wato ayyuka huɗu ko biyar a kan abu ɗaya da ɗalibi ya bi ya zurfafa. Ƙasar nan cike take da abin zurfafawa: zanen bangon gidajen Birni a Damagaram, tukwanen Mirya da na Bubon, aikin fata, sassaƙar ƙwarya, ɗinkin babbar riga, zayyanar allo, raƙuman dawa da mutanen da suka sassaƙa a dutsen Dabus a Ayar. Sai dai tara kayan gargajiya domin burge baƙo ba shi ne abin nema ba. Za a tambayi ɗalibi abin da ya gano a cikinsu da abin da ya ƙara nasa.

Na huɗu shi ne littafin gwaji, ƙaramin littafin da mai zane ke yawo da shi yana zana abin da ya gani a tasha, a aji ko a gona. Kada a tsabtace shi, kada a yage shafukan da ba su yi kyau ba. A zamanin da kwamfuta ke iya haɗa hoto cikin daƙiƙa, wannan littafi ne babbar shaidar cewa aikin na mai shi ne. Sa aikin wani a kundi, ko na na'ura ba tare da an faɗa ba, yana jawo kora, kuma jarrabawar hannu kan tona asirin cikin awa guda.

Wajen jerawa, a fara da aiki mai ƙarfi a rufe da mai ƙarfi. Kowane aiki a rubuta masa suna, shekara, kayan da aka yi shi da su da girmansa a santimita.

Ɗaukar hoton ayyuka

Makarantu da yawa yanzu ta intanet suke karɓar kundi, a fayil ɗin PDF guda mai iyakar nauyi. Aiki mai kyau da aka ɗauka a duhu ya zama marar kyau. Waya mai kyamara mai kyau ta isa, in an kiyaye ƴan ƙa'idoji. A ɗauka a inuwa da safe ko da la'asar, ba cikin tsakar rana ba, ba kuma da fitilar waya ba. A kafe zanen a bango marar ado, a riƙe wayar daidai tsakiyarsa domin kada gefe ɗaya ya fi ɗaya faɗi. A yanke abin da ke kewaye, kada a canza launi. Sassaƙa da tukunya a ɗauke su ta fuska uku. Hoton da aka tura ta WhatsApp yana rasa kaifinsa, gara a kwashe shi ta kebul ko a tura shi a matsayin fayil. Kuma kada a bar turawa sai daren ƙarshe, a garin da wuta da intanet ke iya ɗaukewa ba sallama.

Wasiƙa da ganawa

Kusan kowace makaranta tana neman wasiƙar bayyana dalili, shafi ɗaya. Wasiƙar da ta fara da cewa mai ita yana son zane tun yana yaro ta yi kama da ɗaruruwan da ke kan teburin. Wadda ke tsayawa a ran mai karatu ita ce mai faɗin abin da ɗalibin ke aiki a kai yanzu, wurin wa ya koya, wane mai zane ya duba aikinsa da abin da ya ɗauka daga gare shi, da dalilin zaɓen wannan makaranta musamman. Kowace makaranta da tata wasiƙar. A ba malamin Faransanci ya gyara kurakurai, amma kada ya rubuta ta, domin a ganawa za a ji ko bakin da wasiƙar na mutum ɗaya ne.

Konkur yawanci kashi uku ne. Akwai gwajin hannu na awoyi, inda ake jera kaya a tebur ko a zaunar da mutum a ce a zana, ko a ba da jigo a ce kowa ya fassara shi yadda ya ga dama. Takardar da aka saba amfani da ita a makarantun Faransanci santimita 50 da 65 ce, ta ninka ta littafin makaranta sau da yawa, kuma wanda bai taɓa zane a kanta ba yakan cusa zanensa a kusurwa guda. A saba da ita tun a gida, da agogo a gefe. Akwai rubutacciyar jarrabawa a kan al'adu ko sharhin wani aiki da za a nuna. Sannan ganawa da kwamitin malamai, ta ƴan mintoci, da kundin a buɗe a gabansu.

A ganawar, tarbiyyar gida ta sunkuyar da kai da taƙaita magana gaban manya tana iya cutar da ɗalibi, musamman ƴan mata. Kwamitin yana son a ɗaga kai a yi bayani. In sun soki wani aiki, gwaji ne na ganin ko mai shi zai iya saurara ya kuma kare abin da ya yi da hujja. Abin da ba a sani ba a ce ba a sani ba.

Takardu

Takardun da aka saba nema su ne takardar haihuwa, takardar zama ɗan ƙasa, shaidar BAC da takardar makinta, sakamakon ajin seconde zuwa terminale, hotuna, takardar likita, da takardar kotu ta casier judiciaire, wadda ba a karɓar wadda ta wuce wata 3. Kofe sai an buga masa hatimin hukuma. Mai fita waje zai ƙara da fasfo da katin rigakafin shawara.

Matsalar da ta fi tsayar da ɗalibai ita ce rubutun suna. Mahamadou a wannan takarda, Mamadou a waccan, ko ranar haihuwa ta bambanta tsakanin takardar haihuwa da ta BAC. Gyaran irin wannan yana bi ta kotu yana cin makonni, saboda haka a jera takardun a duba su harafi-harafi tun ana ajin première. Kafin biyan kuɗin kowace makaranta mai zaman kanta, a bincika ko takardarta tana da amincewar gwamnatin ƙasar ko ta CAMES, hukumar da aka kafa a Yamai a 1968 mai mazauni a Wagadugu.

Kuɗi

Tallafin karatu na gwamnatin Nijar yana hannun hukumar ANAB, kuma can ne ake sanar da guraben da ƙasashe abokai suka bayar. Wanda zai ɗauki nauyin kansa ya lissafa har da abin da ba ya cikin takardar makaranta: haya, abinci, mota, da kayan aiki. Fenti, burushi, takarda da yadin zane ɗalibi ne ke saye duk shekara, mai karatun zane a kwamfuta kuma sai da kwamfuta mai ƙarfi. Tafiya rubuta konkur a Bamako ko Abijan ma kuɗi ce, ba tare da tabbacin samu ba.

Ƴan damfara sun san wannan kasuwa. Duk wanda ya ce yana da gurbi ko biza a hannu, a tura masa kuɗi ta waya, a guje shi. Kuɗin rajista a asusun makaranta ake biya, a karɓi rasiɗi.

Tambayoyin iyaye

Tambaya ta farko a gidaje da yawa ta addini ce. Malamai sun yi magana mai tsawo a kan zana abu mai rai da sassaƙa shi, kuma ra'ayoyinsu sun bambanta a kan wasu sassan. Iyalin da abin ya dame su su tambayi malamin da suka amince da shi, su kuma san cewa fannin yana da faɗi: zayyana da rubutun Larabci, zanen yadi, aikin yumɓu, tsara littafi, ƙawata gini. Ibrahim El-Salahi na Sudan, ɗan malamin makarantar allo, daga harafin Larabci ya gina babban ɓangare na aikinsa. Amma ya kamata a sani tun farko cewa a shekarar farko kusan duk makarantun suna koyar da zanen jikin mutum, a Turai kuma har da zana wanda ya tuɓe.

Tambaya ta biyu ita ce abinci. Masu rayuwa da sayar da zane kaɗai kaɗan ne, a Nijar da ko'ina. Yawanci suna haɗawa da koyarwa, aiki a maɗaba'a, zanen alluna da riguna, zanen littattafan makaranta, hotunan faɗakarwa na ma'aikatu da ƙungiyoyi, aikin talabijin da fim, ko tsara tufafi, fannin da bikin FIMA na Alphadi ya ɗaga tun 1998. Wanda ya iya hannu ya kuma iya kwamfuta ya fi samun aiki. Hukumar BNDA ce ke kula da haƙƙin mallakar ayyukan masu fasaha.

Tsarin lokaci

Ran gini ran zane. A ajin première ɗalibi ya fara littafin gwaji, ya nemi mai zane ko mai sana'a a garinsu da zai riƙa duba masa aiki a gaya masa gaskiya, ya kuma gyara takardunsa. A babban hutu ya yi aikinsa mai jigo. Daga Oktoba zuwa Disamba na terminale ya tsayar da makarantu uku zuwa biyar, cikinsu har da wadda yake da tabbacin samu, ya rubuta wa'adin kowace. Turkiyya, Najeriya da Faransa suna rufe rajista tun kafin a rubuta BAC, makarantun yankin nan kuma galibi bayan fitowar sakamako suke yin konkur. Kundin ya kammala kafin watannin bitar BAC, domin in babu BAC duk sauran shirin ya tsaya.

Faɗuwa konkur a karon farko abu ne da aka saba gani. Wanda bai samu ba yana iya yin rajista a wani sashe na jami'a, tarihi ko adabi misali, domin kada shekarar ta tafi a banza, ya ci gaba da zama wurin mai sana'a, ya sake nema da sabon kundi muddin shekarunsa ba su wuce iyaka ba. Sharuɗɗa da ranaku suna canzawa kowace shekara, saboda haka sanarwar makarantar ta shekarar da ake ciki ita ce abin dogara.